Soriyazis: ciwon fata mai taɓa gaɓoɓi

Mene ne soriyazis?

Soriyazis ciwon fata ne mai daɗewa. Fata tana yin kauri, ta fito da tabo mai farin ɓawo, galibi a gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, tsakar kai da ƙugu. A baƙar fata, tabon yakan yi duhu ko launin toka. Garkuwar jiki ce take rikicewa, ta sa fata tana sabuntawa da gaggawa. Wannan ciwo ba kuturta ba ne, ba ƙazwa ba ne, kuma ba a ɗaukarsa. Kuna iya gaisawa da mai shi, ku ci abinci a ƙwarya ɗaya.

Yadda yake kama gaɓoɓi

Kumburin da yake cikin fata yana iya kama gaɓoɓi da jijiyoyin da suka manne da ƙashi. Cikin mutum 10 masu soriyazis, 2 zuwa 3 sukan kamu da ciwon gaɓoɓi. Sau da yawa tabon fata yana riga ciwon gaɓoɓi fitowa da shekaru.

Alamomin da za ku lura da su

1. Yatsa guda ya kumbura tun daga gindinsa har ƙarshensa.
2. Gaɓoɓi su sandare da safe fiye da minti 30, su saki in kun motsa.
3. Ciwon diddige ko tafin ƙafa lokacin takawa.
4. Ciwon baya mai tada mutum daga barci.
5. Farce ya yi ƙananan ramuka, ko ya rabu da nama.
6. Ido ya yi ja yana zafi. Wannan ba ya son jinkiri ko kaɗan.

Me ya kamata ku yi?

Ku je gidan likita da wuri, ku nuna fata da farce tare da gaɓar da ke ciwo. In da bukata, za a tura ku babban asibiti, kamar na Yamai ko na Damagaram, domin awon jini da hoton ƙashi. In ciwon ya taso da ƙarfi farat ɗaya, ku yi awon sida, domin sida tana tsananta shi.

Ba a warkewa ɗungum, amma magani yana kwantar da kumburi, ya tsare gaɓoɓi. Gaɓar da ta riga ta lalace ba ta komawa yadda take.

Likita yakan ba da metotireksat. Sau ɗaya ake shansa a mako, ba kullum ba, kuma mace mai ciki ba ta shansa. Kada ku sayi ƙwayoyin ciwon jiki wurin masu talla: wasu suna da kortizon, mai raunana ƙashi, kuma in an daina shi kwatsam ciwon fatar yana iya dawowa da ƙarfi.

A gida, ku riƙa shafa man kaɗe, musamman lokacin ɗari. Ku yi tafiya kullum, ku rage ƙiba, ku bar taba da giya.