Yadda Tunanin Daskarar da Gawa Ya Samo Asali

A kowace ranar 12 ga Janairu wasu mutane a Amurka kan tuna da James Bedford, malamin jami'ar da aka daskarar da gawarsa a wannan rana a 1967 da fatan likitocin gaba za su farfaɗo da shi, kuma har yau gawar tana cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri a hannun ƙungiyar Alcor a jihar Arizona. Mutanen zamanin da ma sun san sanyi yana jinkirta ruɓewa, amma ba su da hanyar auna abin da yake yi wa ƙwaƙwalwa.

Yawancin marubuta suna jingina tushen lamarin ga Robert Ettinger da littafinsa na 1964, suna cewa labaran ƙirƙira da ya karanta yana yaro ne suka haifi tunanin. Wannan bayani ya gaza, domin asalin abin a ɗakin tiyata yake. Ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba, tana cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin, saboda haka idan jini ya yanke mata mutum kan suma cikin daƙiƙa 10, ƙwayoyinta kuma su fara mutuwa bayan minti 4 zuwa 6. A 1950 Wilfred Bigelow na Toronto ya gwada a kan karnuka cewa sanyaya jiki yana tsawaita wannan wa'adi, kuma a ranar 2 ga Satumba 1952 John Lewis na Minnesota ya sauke zafin jikin wata yarinya mai shekara 5 zuwa digiri 28, ya tsayar da gudun jini na minti biyar da rabi, ya ɗinke mata ramin zuciya, ta kuma rayu. Daga nan tsayawar zuciya ta daina zama ƙarshen magana ga likita.

Wannan darasi masu daskararwa suka ɗauka: da zarar an tabbatar da rasuwa sai su tsoma gawar cikin ƙanƙara, su zuba maganin hana jini sandarewa, na'ura kuma ta ci gaba da danna ƙirji. A nan matsalar take, domin mayar da jini ga ƙwaƙwalwar wanda aka ce ya rasu yana sa shakku a kan rasuwar kanta. Wani ɗan ƙungiyar Alcor, Thomas Donaldson, ya ma nemi a daskarar da shi tun yana raye, kotun California ta ƙi a 1992, kuma ta yi daidai, tunda ba a taɓa farfaɗo da ko mutum ɗaya ba.

A ɓangaren Musulunci kuwa, malaman fiƙihu da suka haɗu a Amman a 1986 sun amince cewa mutuwar ƙwaƙwalwa baki ɗaya mutuwa ce a shari'a, kuma haƙƙin mamaci Musulmi shi ne wanka, likkafani, salla da gaggauta binnewa. A garin Garwa da ke bakin kogin Binuwai, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, akan kai mamaci makwancinsa a ranar da ya cika. Abin da garin ke buƙata daga wannan ilimi shi ne 'yan acaba da masuntan kogin Binuwai su koyi danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, domin mintunan farko a titi ko a bakin ruwa suke ƙarewa, tun kafin a isa asibiti.