Ƙasar Arewa: daga Lugu zuwa gundumomin Dogondutsi da Tibiri

Ƙasar Arewa guda ce a tarihi, amma a takardar hukuma yau gundumomi biyu ne cikin jihar Dosso: Dogondutsi da Tibiri. Ga yadda abin ya samo asali.

Tushen ƙasar

Magabata sun ce Gubawa ne suka fara zama a kwarin da ake kira Dallol Mawri. Lugu ce mazaunin Sarauniya, Bagaji kuma mazaunin Baura, su ne masu ƙasa. Daga baya wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya zo, ya yi aure cikin Gubawa, zuriyarsa ta zama Arawa masu riƙe da sarauta. Matankari ta daɗe tana zaman garin Sarkin Arewa, Tibiri kuma na hannun Samna.

A watan Afrilu na 1899 sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine suka afka wa Lugu. Sarauniya da mutanenta suka tare su da yaƙi, aka ƙone garin. Bayan haka Faransa da Ingila suka ja iyakar da ta raba dangi. Shi ya sa har gobe akwai ƙaramar hukumar Arewa a jihar Kabi ta Najeriya, mai hedkwata a Kangiwa. Turawa suka maida mazaunin mulki daga Matankari zuwa Dogondutsi, garin ya bunƙasa.

Bayan samun ƴancin kai

Nijar ta samu ƴanci a 1960. Shekara da shekaru duk yankin yana ƙarƙashin Dogondutsi. A 2004 aka yi zaɓen farko na kansiloli a komin-komin. A 2011 kuma aka ɗaga Tibiri ta zama gunduma mai perefe nata.

Gundumar Dogondutsi na da komin shida: Dogondutsi, Dankasari, Dogonkirya, Kyeshe, Matankari da Sukukutan. Lugu na cikin komin ɗin Dankasari, Bagaji kuma cikin na Matankari.

Gundumar Tibiri na da komin huɗu: Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa. A kula, wannan Tibirin daban take da Tibirin Gobir ta kusa da Maraɗi.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mutum wajen 370,000 a gundumar Dogondutsi, da wajen 270,000 a ta Tibiri. Tun watan Afrilu na 2024, da aka rusa majalisun kansiloli, wakilan da gwamnati ta naɗa ne ke tafiyar da komin-komin.

Amfanin sanin wannan

Wanda aka haifa a Gesheme ko Dumega kafin 2011 zai iya ganin sunan Dogondutsi a tsohuwar takardarsa, alhali garinsu yanzu na ƙarƙashin Tibiri. To, in za ku aiko a nema muku takardar haihuwa, ku faɗi sunan ƙauye da na komin, kada ku tsaya ga cewa "Dutsi" kawai, don a san ofishin magajin garin da za a dosa. Maganar gona da gado kuwa, a wurin mai gari da sarkin kanto ake fara ta.