Amsoshin Takardunku: Bishop Colenso, Baturen Da Zulu Suka Kira Uban Jama'a

Takardar da muka zaɓo a wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi. Ya ce ya ji labari wai a zamanin da Turawa ke cin ƙasashe a Afirka ta Kudu, an yi wani babban limamin Kirista ɗan Ingila wanda ya saɓa wa 'yan uwansa Turawa ya goyi bayan Sarkin Zulu. Shi ne yake so mu gaya masa ko gaskiya ne, in kuwa gaskiya ne, wane ne shi, kuma yaya ya ƙare.

To Malam, lalle an yi wannan mutum. Sunansa John William Colenso, shi ne Bishop na farko na ƙasar Natal a ɗarikar Angilika, wato cocin Ingila. Bishop kuwa shi ne shugaban da ke bisa limaman coci na yanki guda. Amma kafin mu kai ga Sarkin Zulu sai ka gyara zama, domin labarin ya faro ne daga lissafi.

An haifi Colenso ran 24 ga watan Janairu, 1814, a garin St Austell da ke kudu maso yammacin Ingila. Mahaifinsa ya zuba jarinsa a haƙar ma'adini, ruwan teku ya malalo ya cinye wurin, gidan ya talauce. Da ƙyar yaron ya samu ya shiga jami'ar Kambirij, amma a 1836 shi ya zo na biyu a babbar jarrabawar lissafi. Daga nan ya yi koyarwa a makarantar Harrow, inda gobara ta cinye gidan kwanan ɗalibai da ke hannunsa, bashi ya yi masa katutu. Littattafan lissafi da ya rubuta, waɗanda makarantun Ingila suka daɗe suna koyarwa da su, su suka fitar da shi. Ka riƙe wannan hali nasa: in aka ba shi labari sai ya ƙidaya, kamar yadda kai ma ba ka karɓar buhun gero sai ka auna da tiya.

A 1846 ya yi aure, ya zama limamin wani ƙauye a yankin Norfolk, har suka haifi 'ya'ya biyar. A 1853 aka naɗa shi Bishop na Natal, wata ƙasa a bakin teku ta gabashin Afirka ta Kudu, wadda Ingila ta mallake tun 1843. Arewa da ita, ƙetaren kogin Tugela, akwai daular Zulu, tana nan da sarkinta da rundunarta, ba ta ƙarƙashin kowa. A cikin Natal ɗin ma baƙaƙen fata masu jin harshen Zulu su ne mafi yawa, Turawa 'yan kaka-gida kuwa 'yan kaɗan ne, amma su ke da mulki. Colenso ya fara zuwa a 1854 ya yi mako goma yana zagaya ƙasar, sa'an nan a 1855 ya tare da iyalinsa kusa da birnin Pietermaritzburg.

Nan ya kafa gidan mishan da ya sa wa suna Ekukhanyeni, ma'ana wurin haske. Ya buɗe makaranta, ya kafa injin buga littattafai, ya zauna ya koyi harshen Zulu daga bakin masu shi. Ya rubuta nahawun harshen, ya fitar da ƙamus na Zulu da Ingilishi a 1861, ya kuma fassara Sabon Alkawari. Mutanen suka sa masa suna Sobantu, wato uban jama'a. Ɗaya daga cikin yaransa, Magema Fuze, wanda ya koyi aikin ɗab'i a wurinsa, shi ne daga baya, a 1922, ya fitar da littafin tarihin mutanensa da harshen Zulu.

Rigimarsa ta farko a kan aure ce. Sauran 'yan mishan suna cewa duk magidancin da ke da mata fiye da ɗaya, in yana son a yi masa baftisma, wato wankan shiga Kiristanci, sai ya saki sauran ya bar guda. Colenso ya ce wannan zalunci ne. Matar da aka aura bisa al'adar mutanenta, aka biya shanun aurenta, ta haihu a gidan, ba ta yi laifin komai ba, ina za ta nufa da 'ya'yanta? Ya ce a karɓi mutum da iyalinsa, sai dai kada ya ƙara wata. Suka yi masa ca. Taron bishop-bishop na Angilika na 1888 ya ƙi wannan ra'ayi, sai a taron 1988, bayan shekara ɗari, aka yarda da shi bisa sharuɗɗa.

Rigima ta biyu ta fi girma, kuma wani Bazulu ne mafarinta, mai suna William Ngidi, wanda ke taya shi fassara. Suna cikin fassara labarin ruwan Tufana kamar yadda yake a cikin Baibul, sai Ngidi ya tambaye shi ko shi kansa ya gaskata cewa dukan dabbobin duniya, na ƙasashen zafi da na sanyi, sun shiga jirgi guda, aka kuma tanadar musu abinci duka har da masu cin nama. Wani malamin da sai ya daka masa tsawa. Colenso kuwa ya ga ba zai iya faɗa wa mutumin abin da shi kansa yake shakka a kai ba. Sai ya koma ga littattafai biyar na farkon Baibul ya shiga ƙidaya. An rubuta cewa mayaƙan Isra'ilawa da suka fito daga Masar sun kai dubu ɗari shida, wanda in ka haɗa da mata da yara jama'ar ta haura miliyan biyu. Ya lissafa faɗin zangon da za su sauka, da yawan tumakin da za su yanka, da makiyayar da tumakin ke bukata a cikin hamada. A 1862 ya buga littafi a Landan, ya ce ba za a ɗauki waɗannan alƙaluma kamar yadda suke ba, kuma littattafan, a yadda suke a hannun mutane, an harhaɗa su ne daga baya. Ya ce shi yana nan Kirista, gaskiya yake nema.

Ƙura ta tashi a Ingila. Ana yi masa ba'a wai ya tafi ya juyo da Zulu, Bazulu ya juyo da shi. Bishop Robert Gray na Cape Town, wanda ke ganin shi ne shugabansa, ya yi masa shari'a a 1863 ba ya nan, ya ce ya tuɓe shi. Colenso ya ɗaukaka ƙara zuwa majalisar shari'a ta Sarauniya, wadda a 1865 ta ce Gray ba shi da wannan iko. Gray bai haƙura ba, a 1866 ya yi shelar ya kore shi daga coci, a 1869 kuma aka naɗa wani Bishop ɗin dabam a ƙasar. Sai ya zama gari ɗaya, Bishop biyu. Ƙungiyoyin mishan suka janye kuɗinsu, aikin Ekukhanyeni ya ja baya ƙwarai. Duk da haka Turawan Natal da dama sun tsaya masa a lokacin, har da babban amininsa Theophilus Shepstone, jami'in da ke kula da harkokin baƙaƙen fata.

To, a 1873 ne ya rasa waɗannan ma. Akwai wani sarki mai suna Langalibalele na ƙabilar Hlubi, a gindin duwatsun Drakensberg. Samarinsa na zuwa ci-rani a ramukan lu'ulu'u na Kimberley, su komo da bindigogin da suka samu da guminsu. Gwamnati ta ce a kawo a yi rajista, su kuwa suna tsoron in sun kai ba za a mayar musu ba. Aka aika wa sarkin sammaci, ya ƙi zuwa, ya gudu da mutanensa da shanunsu zuwa ƙasar Basuto, wato Lesotho ta yau. A wata mashiga ta dutse aka yi arangama, Turawa uku da baƙaƙe biyu na ɓangaren gwamnati suka mutu. Ramuwar ta yi muni: aka kashe mutane da yawa, aka kwashe shanu, aka ƙwace gonaki, aka rarraba mata da yara ga Turawa manoma su yi musu aiki. A 1874 aka yi wa sarkin shari'a ba lauya, Gwamna Benjamin Pine da ke ƙararsa shi ne kuma alƙali. Aka tura shi tsibirin Robben na har abada, tsibirin nan da daga baya Nelson Mandela ya yi shekara 18 a ɗaure.

Colenso ya sake ɗaukar alƙalamin lissafi. Ya zauna da 'yan Hlubi ya ji daga bakinsu, ya gwada da takardun gwamnati. Ya gano abin da ya hana sarkin amsa sammaci: a 1858 ƙanen Shepstone ya taɓa kiran wani sarki mai suna Matshana zaman sulhu, aka ce kowa ya zo ba makami, ashe shi ya ɓoye bindiga. Faɗin wannan a fili ya raba shi da amininsa na shekara ashirin. Gaskiya ɗaci gare ta. Ya shiga jirgin ruwa zuwa Landan ya kai kuka gaban ministan ƙasashen mallaka. A 1875 aka janye Gwamna Pine, aka fitar da Langalibalele daga tsibirin, amma aka ci gaba da tsare shi kusa da Cape Town, bai ga Natal ba sai 1887.

Yanzu ga maganar Sarkin Zulu da ka tambaya, wato Cetshwayo ɗan Mpande. A watan Disamba 1878 Babban Kwamishinan Ingila, Bartle Frere, ya ba shi wa'adin kwana 30 ya rushe rundunarsa, abin da ya san ba sarkin da zai yarda da shi. Alhali kuwa kwamitin da Turawan da kansu suka kafa kan rikicin iyaka tsakanin Zulu da Turawan Boer ya ba Zulu gaskiya a mafi yawan maganar. Sojan Ingila suka ƙetara iyaka a Janairu 1879, ran 22 ga watan kuwa mayaƙan Zulu, galibinsu da masu da garkuwa, suka kashe musu mutum fiye da 1,300 a Isandlwana. A watan Maris, ranar da gwamnati ta keɓe don addu'a, Turawa na cike da fushi, Colenso ya hau mumbari ya gaya musu yaƙin nan ba na adalci ba ne, su suka tsokano shi, kuma ramuwar gayya ba ibada ba ce. Ka ji ƙarfin hali.

Wa'azi bai tsai da yaƙi ba. Ran 4 ga Yuli aka ƙone Ulundi, babban birnin Zulu, a Agusta aka kama sarkin aka kai shi Cape Town, aka yanka ƙasarsa gida 13. Colenso ya mai da injinsa na ɗab'i ga wannan aiki: yana jera rahotannin gwamnati kusa da shaidar manzannin Zulu, yana nuna inda suka saɓa, yana aika wa 'yan majalisa da masu kare hakkin talakawan mulkin mallaka a Landan. Wannan ya taimaka har Cetshwayo ya je Ingila a 1882 ya ga Sarauniya Biktoriya, aka mai da shi gida a Janairu 1883, amma wani yanki kawai aka ba shi, aka bar abokan gabansa da makamai.

Colenso ya rasu ran 20 ga Yuni, 1883, yana da shekara 69. Wata guda bayan haka abokan gaba suka sake ƙone Ulundi, sarkin kuma ya rasu a Fabrairu 1884. A shekarar ce gobarar daji ta cinye gidan Colenso. 'Yarsa Harriette ta ɗauki aikin, ta ƙarar da abin hannunta wajen kare Dinuzulu ɗan Cetshwayo a gaban shari'a har sau biyu, ta rasu a 1932.

Kada ka ɗauka Colenso ya ƙi mulkin mallaka ɗungurungum. A'a, ya yi imani cewa mulkin Sarauniya na adalci ne, ma'aikatanta ne ke ɓata shi, shi ya sa kullum Landan yake kai ƙara, kuma nasarar da ya samu rabi-rabi ce. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne, ya ɗauki maganar baƙar fata a matsayin shaida, ya auna ta da mudu ɗaya da ta Gwamna. Wannan ya ja masa hasarar abokai da kuɗi da mutunci a wurin 'yan uwansa. Akwai garin Colenso a bakin kogin Tugela, da unguwar Sobantu a Pietermaritzburg, duka sunansa suka ci.