Yadda Zaman Mutanen Ingila Ya Sake Cikin Shekara Ɗari Biyu

Masana tarihin Turai sun raba labarin ƙasashensu kashi-kashi. Kashin da ya faro daga rushewar daular Rum ta yamma a shekara ta 476, har ya zuwa wajen shekara ta 1500, shi su ke kira Zamanin Tsakiya. Amma kada mai karatu ya zaci mutane sun kwanta ne cikin wani zamani, gari ya waye suka tashi cikin wani. Sakewar ta zo sannu a hankali, kuma an zub da jini mai yawa kafin ta tabbata. Bari mu ɗauki ƙasa guda, watau Ingila, mu ga yadda abin ya gudana.

Tun da Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a shekara ta 1066, ƙasa duka ta zama ta sarki. Shi ya ke raba ta ga manyan barade, su kuwa su kawo masa mahaya in yaƙi ya tashi. Ƙarƙashinsu akwai talakawa manoma, waɗanda da yawansu a ɗaure su ke da ƙasar da aka haife su. Irin wannan manomi ba ya barin ƙauye sai da izinin ubangidansa. Kowane mako ya kan yi kwana biyu ko uku yana aiki a gandun ubangidan. In zai aurar da 'yarsa sai ya biya kuɗi, ran da ya mutu kuma ubangidan ya ɗauke dabbar da ta fi kyau a garkensa.

Ban da ubangida akwai Coci, wanda shugabansa, Paparoma, ya ke a birnin Rum. Coci yana karɓar ushiri, watau dami ɗaya cikin goma. Da harshen Latin a ke yin sujada, alhali kuwa manomi bai san ko kalma goma ta Latin ba. Abin da ya sani na addini daga bakin limami ya ji shi, ko kuwa ya gani a zanen bangon coci. Akwai kuma gidajen zuhudu birjik, masu gonaki da garkunan tumaki. Su ke saukar da matafiya, su ba miskinai sadaka a bakin ƙofa, su kwafi littattafai da hannu.

Ana nan sai ga annoba. Da bazarar shekara ta 1348 jiragen ruwa suka kawo cutar da ta riga ta ratsa Misira da Italiya da Faransa. Yau an san ƙwayar cuta ce da ƙuman ɓera ke ɗauka, amma mutanen lokacin sun ɗauka fushin Ubangiji ne ko mugun iska. Kafin shekara biyu ta kashe tsakanin sulusi da rabin mutanen ƙasar. To, faɗuwar wani tashin wani. Gonaki suka yi yawa, manoma suka yi kaɗan, wanda ya tsira ya ga ƙwadagonsa ya yi tsada. Sarki Edward na Uku ya kafa doka a 1351 cewa kada kowa ya karɓi lada fiye da na kafin annoba. Dokar ba ta yi ƙarko ba, gama ubangidan da alkamarsa ta nuna ba ya tsayawa gardamar lada da mai girbi.

Talakawa suka fara jin ƙarfinsu. Da aka ɗora musu harajin kai sau uku cikin shekara huɗu don yaƙin Faransa, na ƙarshen sule guda a kan kowane baligi, sai mutanen Kent da Essex suka yi bore a watan Yuni na 1381. Wani mai suna Wat Tyler ya shige musu gaba, suka shiga Landan, suka fille kan babban limamin Canterbury. Sarki Richard na Biyu, yaro ɗan shekara 14, ya yi musu alkawarin 'yanci. Da aka kashe Tyler, taron ya watse, sai aka warware alkawarin. Duk da haka abin da bore ya kasa yi, kasuwa ta yi shi. Iyayen gida suka ga gara su ba da gonaki haya su karɓi kuɗi, ko su mai da su makiyayar tumaki saboda cinikin ulu. Kafin shekara ta 1500 ɗaurin nan na manoma ya kusa ɓacewa sarai.

A wannan tsakani ne kuma aka fara ja da Coci. Wani malamin Oxford, John Wycliffe, ya soki dukiyar limamai, almajiransa kuma suka juya Littafi Mai Tsarki da Ingilishi. Ya mutu a 1384, amma a 1428 aka tone ƙasusuwansa aka ƙone. Koyarwarsa ba ta yaɗu ƙwarai ba, domin kowane littafi sai an yi wata da watanni ana kwafarsa da hannu. Abin da ya rasa shi ne injin ɗab'i. Ita takarda ta riga ta shiga Turai ta hannun Musulmin Andalus. Wajen 1455 Gutenberg ya buga Littafi Mai Tsarki a Mainz ta Jamus da haruffan ƙarfe, a 1476 kuwa William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila. Saboda haka sa'ad da Martin Luther ya fito da sukarsa ga Coci a 1517, maganarsa ta gama Turai cikin 'yan watanni. A 1526 William Tyndale ya buga Sabon Alkawari da Ingilishi a Jamus, fatake suka riƙa shigowa da shi a ɓoye. An kashe shi saboda aƙidarsa a 1536.

Abin mamaki, wanda ya raba Ingila da Rum ba mabiyin Luther ba ne. Sarki Henry na Takwas har littafi ya rubuta na sukar Luther, Paparoma ya ba shi laƙabin Mai Kare Addini a 1521. Damuwarsa magaji ce. Matarsa Catherine ba ta da ɗa namiji rayayye, ya nemi Paparoma ya warware auren. Paparoma ya ƙi, gama a lokacin yana tsoron Sarki Charles na Biyar, ɗan 'yar'uwar Catherine, wanda sojojinsa suka washe Rum a 1527. Sai majalisar dokoki ta zartar a 1534 cewa sarki shi ne shugaban Cocin Ingila. Thomas More, wanda dā shi ne kamar wazirinsa, ya ƙi yarda, aka sare kansa a 1535.

Daga nan ido ya koma kan dukiyar gidajen zuhudu. Tsakanin 1536 da 1540 aka rufe fiye da 800, aka kwashe azurfa da zinariya, har darmar rufin ɗakuna aka narkar. Mutanen arewacin ƙasar ba su ji daɗi ba. Wajen mutum dubu talatin suka ɗauki makamai a 1536 ƙarƙashin wani lauya, Robert Aske. Sarki ya lallashe su da alkawari suka koma gida, shekara na kewayowa ya rataye Aske. Mafi yawan gonakin an sayar wa attajirai da manyan ƙauyuka, waɗanda daga nan ba su ƙaunar a koma wa Rum, don kada a ce su mai da abin da suka saya.

Ba nan rikicin ya tsaya ba, domin sarki goma zamani goma. Zamanin Edward na Shida aka mai da sujada Ingilishi a 1549, aka shafe zanen bango da farar ƙasa. 'Yar'uwarsa Mary ta mai da ƙasar hannun Paparoma, aka ƙone mutum kusan 300 da ransu. Elizabeth kuma ta sake rabuwa da Rum a 1559, ta sa tarar sule guda ga wanda ya ƙi zuwa coci ran Lahadi. Tsohon da aka haifa a 1500 ya ga an sake masa hanyar ibada sau huɗu, ba wanda ya nemi shawararsa.

To, me talaka ya samu, me ya rasa? Ya sami ikon barin ƙauyensu ya nemi aiki inda ya so, ya kuma ji littafin addininsa da harshen uwarsa, abin da ya sa mutane da yawa suka himmantu ga koyon karatu. Amma ya rasa ƙofar da dā ya ke zuwa neman sadaka, a wurare da dama kuma tumaki sun cinye masa gona. Mabarata suka cika hanyoyi, har ya zama tilas a 1601 aka tsai da doka cewa kowace gunduma ta tara haraji ta ciyar da miskinanta. Watau aikin da dā ya ke wuyan Coci ya koma wuyan hukuma. Wannan kuwa ita ce babbar alamar da masana ke gane sabon zamani da ita a Ingila: ikon da dā ya ke rarrabe tsakanin barade da limamai da Paparoma ya tattaru a hannun sarki da majalisarsa.