Daga Azelik zuwa Agadem: wa ke karanta mana ƙarƙashin ƙasarmu?

A shekarar 1353, matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka Takedda, wadda masana tarihi da dama ke cewa ita ce Azelik ta yau, kusa da Ingal a jihar Agadas. Ya tarar mutanen garin suna haƙo jan ƙarfe, suna narka shi a gidajensu, suna yin ƴan sanduna da shi don saye da sayarwa. Ke nan sanin dutse ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu.

Shekaru 600 bayan haka, a 1957, Faransawa masu binciken ma'adinai suka je wurin neman jan ƙarfen, sai suka ci karo da uranium. Aka kafa SOMAIR a 1968, ta fara aiki a Arlit a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1974. Wanda ya auna dutse, ya zana taswira, ya san yawan abin da ke kwance, shi ke da bakin magana ranar ciniki. A lokacin kuwa galibin masu wannan sani baƙi ne, don jami'ar Yamai kanta sai farkon shekarun 1970 aka kafa ta.

Sannu a hankali muka samu namu makarantun: EMAIR a Agadas, EMIG a Yamai wadda ta buɗe a 1990, ga kuma sashen jeyoloji, wato ilimin duwatsu da ƙarƙashin ƙasa, a jami'ar Abdu Mumuni. Aiki ma ya ƙaru: zinariyar Samira a 2004, sai man Agadem da matatar SORAZ a 2011.

Sai dai ma'adini yana ƙarewa. COMINAK ta rufe a 2021, iyalai da yawa suka ji a jikinsu. Abin da buƙatarsa ba ta ƙarewa shi ne ruwa. Damagaram tana zaune bisa dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sosai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan mayar da babban birni Yamai a 1926. Har yau daga wajen gari ake jawo mata ruwa, irin su Gogo da Arunguza. Kafin a gina foraj, masanin ƙarƙashin ƙasa ne ke faɗin inda za a haƙa da zurfin da za a kai. Shi ake nema wajen shimfiɗa hanya da gina gada, da neman dutsen siminti irin na Malbaza.

Idan na tambayi ɗalibaina abin da suke son zama, likita, soja da duwan nake ji. Ba laifinsu ba ne, abin da suka gani shi suka sani. Uwaye su sani: yaron da ya samu bak C ko D, namiji ko mace, yana iya yin lisansi shekara 3, ya ƙara 2 na masta. Karatu ne na daji da rana da guduma, kuma aikin kamfanonin haƙa yana bin farashin kasuwar duniya, shi ya sa nake ba da shawarar yaro ya riƙe fannin ruwa da kyau.

Mu malamai kuma, duk inda ake ginar rijiya kusa da makaranta, mu kai yara su ga yadda rairayi, laka da dutse ke jere hawa-hawa. Darasin farko ke nan, kuma ba ya cin ko dala.