Faifai na biyu na ƙungiyar Stone Roses: shekara biyar ana jira

A ranar 5 ga watan Disambar 1994 ne ƙungiyar mawaƙan Stone Roses ta birnin Manchester a Ingila ta fitar da faifanta na biyu mai suna Second Coming, fiye da shekara biyar bayan na farko.

Faifan farko, na shekarar 1989, ya sa an ɗauki ƙungiyar a matsayin jagorar mawaƙan rock masu aiki da ƙananan kamfanoni, waɗanda ake kira indie.

To sai dai rikici da kamfanin Silvertone ya hana su fitar da sababbin waƙoƙi, har sai da kotu ta warware yarjejeniyar a 1991. Daga nan suka koma babban kamfanin Geffen na Amurka.

Ko bayan hakan, aikin ya yi ta jan ƙafa. John Leckie, wanda ya tsara musu faifan farko, ya janye kafin a kammala.

Kafin su dawo kuwa, ƙungiyoyin Oasis da Blur sun riga sun mamaye fagen.

Ra'ayin masu sharhi

Makaɗin jita John Squire ne ya rubuta akasarin waƙoƙin, kuma ya karkata zuwa kiɗa mai nauyi irin na Led Zeppelin, maimakon sassauƙan salon da aka san su da shi.

Ra'ayin masu sharhi ya rabu. Wasu sun yaba da gwanintar Squire, wasu kuma sun ce kiɗan jitar ya yi tsawo har ya danne muryar mawaƙi Ian Brown. Da yawa sun auna faifan ne da tsawon jiran da aka yi, wanda da wuya wani faifai ya iya biya.

Masu saye ba su juya masa baya ba: ya kai matsayi na huɗu a Birtaniya, waƙar Love Spreads kuma ta kai na biyu.

Amma ƙungiyar ba ta daɗe ba. Makaɗin ganga Reni ya fice a 1995, Squire ya bi bayansa a watan Afrilun 1996, sannan ta wargaje a watan Oktoban shekarar.

Sun sake haɗuwa a 2011, suka yi wasansu na ƙarshe a birnin Glasgow a 2017, ba tare da sun fitar da faifai na uku ba.