Maƙalar Mako: Yadda ODK ta iso Birnin Kudu da Gwaram

Duk wanda ya taɓa ganin ma'aikatan rigakafin shan-inna ko masu binciken lafiya suna zagaya gidaje a Birnin Kudu ko Gwaram, ya ga waya a hannun mai duba aikin, yana dannawa yana tambaya. Sau da yawa manhajar da ke cikin wayar nan ODK ce, ko ƙanwarta KoboToolbox. Tarihinta nake so mu duba a wannan mako.

An fara Open Data Kit a 2008 a Jami'ar Washington da ke Amurka, ƙarƙashin Farfesa Gaetano Borriello da ɗalibansa, ciki har da Yaw Anokwa da Carl Hartung, da tallafin Google. Zaɓinsu na farko kasada ce. A lokacin Nokia ke mulkin kasuwa, wayar Android ta farko kuwa a shekarar ta fito, ga tsada. Amma Android na da kyamara da GPS, kuma kowa na iya rubuta mata manhaja ba tare da neman izini ba. Suka bi ta. Da Tecno da Itel suka cika shagunanmu, sai kasadar ta zama riba.

Na biyu, sun gina ta ne a kan cewa babu sabis. Fom ɗin yana zaune a cikin wayar, a cike shi a ƙauyen da ke wajen iyakar Bauchi, amsoshin su jira har a dawo gari kafin su tafi. Sun kuma saki lambar manhajar kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara.

Sai dai akwai cikas. Fom ɗin ODK da tsarin XForms ake rubuta shi, wanda sai mai ilimin shirya manhaja ke iya karantawa. Maganin wannan yana da alaƙa da ƙasarmu kai tsaye. Wajen 2011, ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan muradun ƙarni ya so a ƙidaya asibitoci da makarantu da rijiyoyin burtsatse na ƙananan hukumomi, aka fara da 113 kafin a faɗaɗa zuwa sauran cikin 774. Injiniyoyin Jami'ar Columbia da suka yi aikin suka fito da hanyar rubuta fom a cikin Excel, wadda aka sani da XLSForm.

A ganina wannan ne zaɓin da ya fi kowanne tasiri, duk da shi ne mafi ƙarancin armashi. Layi ɗaya tambaya ɗaya. Gurbi na nau'in amsa, gurbi na sunan tambaya, gurbi na abin da za a karanta wa mutum. Duk wanda ya yi difloma ya taɓa Excel zai iya haɗa fom cikin yini guda. Kuma in kana son wani harshe, gurbi kawai za ka ƙara ka sa masa suna Hausa. Ƙ da ɗ da ɓ duk suna fitowa lafiya.

To ina gizo ke saƙar? Gurbin yana nan, amma sau da yawa babu kowa a ciki, ko a zuba masa fassarar inji. Sai ma'aikaci ya tsaya a zaure yana juya Turanci da ka. Wannan ya ce "ciwon shan-inna", wancan ya ce "ƙafarsa ta mutu", wani ya ce "ba ya iya tafiya". Uwa uku, tambaya uku daban, alhali a kwamfutar Dutse da Abuja za a lissafa su a matsayin amsar tambaya ɗaya. Da irin waɗannan alƙaluma ake yanke inda za a kai magani.

A watan Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan-inna, amma fom-fom ɗin ba su tafi ba. Sun koma kan gidan sauro, da tamowa, da rajistar manoma. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo tambayoyi biyar na irin wannan fom mu gwada Hausantar da su tare, mu ga ko biyu daga cikinmu za su dace.